Ƙofar Ɗakina Ta Daina Kuka

Assalamu alaikum masu karatu. Ku yi min haƙuri in kun ga ina kwana-kwana, ban taɓa rubuta labari ba. Na mutane nake karantawa, a ɗakin karatun makarantar da nake aiki, da kuma kan gadona. Wannan kuwa nawa ne, kuma ko yanzu da nake rubutawa sai na tsaya na goge tafin hannuna a jikin zani.

Ƙofar ɗakina tana da kuka. Tun ina ƙarama take yinsa, wani dogon ƙiiii kamar an taka wa kyanwa wutsiya. Marigayi Abba ya sha cewa zai gyara, har Allah ya karɓi abinsa bai gyara ba. Ni kuma na saba da ita, har daɗinta nake ji, don ko ina tsakiyar karatu, kafin Umma ta leƙo na riga na tura littafin ƙarƙashin filo na yi kamar ina ninke kaya.

Wata rana na dawo daga aiki, na sa makulli na buɗe, na tura ƙofar. Shiru. Na jawo ta na sake turawa. Ta tafi sumul kamar ba ƙarfe a jikinta.

Mu biyu ne a gidan, ni da Umma, a hawa na biyu na wani bene. Yayana yana aiki a nesa, sai dai waya. Umma nas ce, tana riga ni fita, ni kuma ina riga ta dawowa. Tsakanin nan gidan babu kowa. Ɗakina kuma kulle shi nake yi, tun ranar da 'ya'yan Gwaggo suka yi min zane da biro a cikin littattafai.

Da Umma ta shigo na tare ta tun tana cire takalmi.

"Umma, ke kika sa wa ƙofata mai?"

"Wane mai kuma? Ni da ko makullin ɗakin ba ni da shi? Kin bi kin kulle kamar mai ajiyar zinare, alhali ba komai ciki sai takardu."

"Ta daina kuka fa."

"To sai ki gode wa Allah, Auta. Miƙo min ruwa."

Na miƙa mata ruwa. Na ce wa kaina wataƙila yanayi ne, ƙarfe yana da nasa halin.

Sai teburina. Ƙafarsa ɗaya ba ta kai ƙasa sosai, in ina rubutu yana rawa. Na dawo wata rana na dafa shi, na ji shi daram. Na durƙusa na leƙa. An ninke guntun kwali an cusa a ƙarƙashin ƙafar, ninki mai kyau, gefe da gefe sun haɗu kamar an auna. Ni ban iya irin wannan ninkin ba. Ko takardar kyauta na naɗe sai ta fito a karkace.

Bayan shi madubi. Yana rataye a ɗan karkace tun da na san shi. Ya miƙe.

Don Allah ku fahimce ni. Ba a ɗauki komai ba. 'Yan kunnena suna cikin kwalbarsu, sarƙar da Abba ya saya min tana nan. Da sata aka yi da na san abin da zan faɗa. Amma ta yaya zan buɗe baki in ce ina tsoron ɗakina saboda ana gyara min shi?

Na faɗa ɗin, ranar da Gwaggo ta zo. Ƙanwar Abba ce, in ta shigo gida sai ka rantse mutum biyar ne suka shigo. Ta zauna a falo ta zame mayafi ta ɗora ƙafa kan ƙaramin tebur, na kawo mata shayi, na tsaya ina murza yatsu na ba su labarin kwalin da madubin.

Gwaggo ta kwashe da dariya har shayin na zuba.

"Aljani mai gyaran tebur! Ke 'yar nan, in ya sake zuwa ki turo min shi, famfona ya fi wata yana yoyo."

Umma ma ta yi dariya, amma ta ce, "Karatun nan ne ya yi mata yawa. Duk littafin da ta ɗauko sai an kashe wani a ciki."

"Ba karatu ba ne, zaman kaɗaici ne," in ji Gwaggo. Ta juyo ta kafe ni da ido. "Dama abin da ya kawo ni ke nan. Manyan Injiniya suna son su zo. Yaro ya yi haƙuri, ya yi ladabi, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Me kike jira? Sai wata ta ɗauke shi ki zauna ki auri kantar littattafai?"

"Gwaggo, ina tunani ne."

"Tunani! Ki ji ta fa. Mu da aka tambaye mu sunkuyar da kai muka yi aka wuce wurin."

Bari in gaya muku waye Injiniya. Ɗan ƙawar Gwaggo ne, ta hanyarta muka haɗu. Kowa haka yake kiransa, har mahaifiyarsa. Dogo ne, ba ya hayaniya, kullum cikin fararen kaya da guga mai kaifi, agogonsa a hannun dama. In ya zo gidanmu har ƙasa yake durƙusawa ya gaida Umma. Iyakarsa falo, bai taɓa wuce labulen da ya raba falo da ɗakuna ba. Amma ba ya iya zama ya ga abu a karkace. Muna cikin hira sai ya miƙe ya daidaita agogon bango, ko ya zaro 'yar sukundireba daga aljihu ya ɗaure hannun durowa. Umma takan ce tun bayan Abba gidan bai ga namiji mai hannu irinsa ba.

Kar ku ce ƙinsa nake yi. Wallahi na fara sonsa. Ni ba mai magana ba ce, in baƙo ya zo harshena ɗaurewa yake yi, shi kuwa bai taɓa takura min in yi surutu ba. Saƙonninsa kuma kamar yana zaune a cikin kaina.

"Malamata, kin gaji yau. Ki kwanta da wuri."

"Ya aka yi ka sani?"

"Zuciya ce."

Sai in kifa wayar a ƙirji ina murmushi ni kaɗai.

Ranar nan ya zo da yamma da leda a hannu. Littafi ne, kashi na biyu na wani dogon labari da nake da na ɗaya da na ukunsa. Na biyun na daɗe ina nema ban samu ba. Umma ta tafa hannu ta ce, "Kin gani ko? Har abin da ke ranki ya sani." Na karɓa da hannu biyu na yi godiya. Sai da ya tafi na shiga ɗaki zan jera shi a gurbinsa, hannuna ya tsaya a sama.

Ban taɓa faɗa masa ina neman littafin nan ba. Ban faɗa wa kowa ba. Wanda zai san babu shi sai wanda ya tsaya a gaban kantata ya bi littattafan ɗaya bayan ɗaya.

Na ce a raina, ke dai kin faɗa kin manta. Na faɗi haka sau da yawa har na kusa yarda.

Abin da ya hana ni yarda filo ne. Washegari na dawo, rana na nan da sauranta, hasken taga ya kwanta a kan gadona. Da safe na gyara shimfiɗa na bubbuga filon kamar kullum. Yanzu tsakiyarsa ya ɗan lotsa, daidai girman kai. Zanin gadon kuwa an ja shi an lailaye, ya fi yadda na bar shi kyau.

Ban zauna a gadon ba. Na fita na zauna a matakalar bene da jakata a cinya har Umma ta dawo. Ta tambaye ni lafiya, na ce iska nake sha.

Da safe na nemi izini a wurin aiki, bayan azahar na tafi layin masu yankan makulli, bayan babbar kasuwa. Rumfuna ne a jere, kowace da 'ya'yan makulli a rataye kamar kifi a igiya, ga ƙarar injin yana cin ƙarfe. Na tsaya a bakin layin. Wa zan kai gidanmu? Duk wanda ya sa min makulli ya san cikinsa fiye da ni. In na ɗauko marar amana, na ƙara wa kaina mai shigowa ke nan.

Sai wata dabara ta zo min, irin ta mai yawan karance-karance. Na ce zan roƙe su abin da bai kamata su yi ba. Wanda ya ƙi, shi zan ɗauka.

Na je rumfar farko. Wani saurayi ne da waya a kunne.

"Sannu da aiki. In mutum ba shi da makulli a hannu, sai hotonsa, za a iya yanka masa?"

"In hoton ya fito sosai, me zai hana? Kawo mu gani, 'yan mata."

Na ce ina zuwa. Na gaba ma ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ko a sabulu na danna shi in kawo. Na koma gefe na ce bari in nemo hoton makulli na gaske a wayata, don kar na gaba ya gane gwaji nake yi. Na shiga hotuna ina ja, ina ja. Bangon littattafai, girkin Umma, 'yar Yaya. Sai ga shi.

Tafin hannuna ne a buɗe. A kai wani ɗan maƙalin makulli mai siffar littafi, da makullaina biyu, na ƙofar gida da na ɗakina, a kwance ɓaro-ɓaro, kowane haƙori ya fito.

Injiniya ne ya ba ni maƙalin, farkon haɗuwarmu. Na shiga saƙonninmu na koma baya.

"Kin sa makullanki a jiki?"

"Na sa. Na gode sosai."

"Turo min hoto in ga ko ya dace da su."

Na tura. Ya amsa, "Bai fito ba, Malamata. Matsa kusa da taga, ki shimfiɗa su sosai." Na matsa, na shimfiɗa, na sake turawa. Har da alamar zuciya na haɗa masa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Wata murya ce ta ce, "'Yata, matsa daga rana, za ki faɗi."

Wani dattijo ne a rumfar ƙarshe, gajere, da furfura a gemu, tabarau ɗaure da zare a wuyansa. Ya turo min benci da ƙafa. Na zauna, na miƙa masa wayar, don bakina ya riga ya haddace tambayar.

"Baba, za ka iya yanka min wannan?"

Ya sa tabarau ya duba, ya cire ya dube ni.

"Na wa ne?"

"Nawa ne."

"To ina shi?"

"Yana jaka."

"In yana jaka me ya kawo hoto? Ni ba na yanka makulli daga hoto, ko na uwata ne. Ba na kuma buɗe ƙofa sai mai ɗakin yana tsaye. In wani ne ya aiko ki, ki koma ki ce masa tsohon ya ƙi."

Kawai sai na fashe da kuka, a tsakiyar kasuwa, ni da ko a gida ba a jin kukana. Ya rikice ya ce, "Subhanallahi, daga ƙin aiki? Ga masu yi can da yawa." Na girgiza kai na ce shi nake nema. Na ba shi labari a hargitse, ƙofa, kwali, filo, da hoton da na taɓa tura wa wani. Bai yi dariya ba. Ban faɗi wanda nake zargi ba, shi ma bai tambaya ba.

Ya ce, "Ɗakinki naki ne, zan canza miki yau. Ƙofar gida kuwa sai mai gidan ta buɗe baki ta ce a canza. Haka nake aiki."

"Baba, ba za ta yarda ba. Cewa take karatu ne ya taɓa ni."

"To sai mu fara da wadda aka yarda."

Ya zuge jakarsa ta fata, ya ja ƙyauren rumfar, muka tafi. Da muka isa ya ce in bar ƙofar gida a buɗe, in kuma tsaya inda zan ga hannunsa. Ya cire takalmi ya yi sallama duk da na ce masa babu kowa.

Ya karɓi makullina ya sa a ƙofar ɗakin, ya murɗa, ya ƙi juyawa. Na ce, "Sai an ɗaga, Baba." Na kama hannun ƙofar na ɗan ɗaga ta sama, makullin ya juya. Ƙofar ta ɗan sauka ne kwanakin baya, na gano dabarar da kaina, ban ma ɗauke ta abin faɗa ba.

Ya shafa ƙarafunan da ƙofar ke juyawa a kansu, ya shinshina yatsa. "Man inji ne, mai kyau." Ya kwance makullin gaba ɗaya, ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ya bubbuga shi a kai. Wani gari ya zubo, ja-ja, yana ƙyalli.

"Kin ga naki makullin fari ne, ya tsufa, ya gama zubar da abin da zai zubar. Wannan garin na sabon yanka ne, wanda bai zauna daidai ba, yana shiga yana gogar ciki." Ya ɗago. "Ban san ko wane ne ba, 'yata. Amma ba karatu ne ya taɓa ki ba."

Na jingina da bango. Kun san wani abu? Daɗi na fara ji kafin tsoro.

Ya ciro sabon makulli a cikin kwalinsa, ya ce in yage ledar da hannuna, in ciro 'ya'yan in riƙe. Yana cikin ɗaurawa wayata ta yi ƙara.

"Malamata, yau ba ki je aiki ba?"

Ban amsa ba. Wani saƙon ya sake shigowa.

"Na biya ta asibiti na ɗauko Umma. Ga mu nan."

Ban gama karantawa ba na ji takunsu a matakala, da dariyar Umma. Ta shigo tana cewa, "Wa ya bar ƙofa a buɗe?" Injiniya na bayanta riƙe da jakarta, fari tas kamar kullum. Na ɗage labulen da ya raba falo da ɗakuna. Suka hango Baba a durƙushe a bakin ɗakina.

Fuskar Umma ta canza. "Auta! Namiji kika kawo min gida ba na nan?"

"Hajiya, barka da dawowa," in ji Baba, bai bar aikinsa ba. "Mai gyaran makulli ne. Ƙofar waje a buɗe take tun da na shigo."

"Umma, makullin nake canzawa. Ina so a canza na waje ma."

"A kan kwali da madubi? Ke wai so kike ki mayar da ni abin dariya a benen nan?" Ta juya wurin Injiniya da muryar ban haƙuri. "Ka gani ko, ɗana? Haka nake fama."

Ya ajiye jakar a kan kujera, ya daidaita ta da hannun kujerar. Ya yi murmushin nan nasa mai sanyi. Bai matso ba, daga tsakiyar falo yake magana.

"Ba komai, Umma, tsoro ne irin na mata. Amma Malamata, da kin faɗa min ai da ba ki wahalar da Baba ba. Makullin nan lafiyarsa ƙalau. Ƙofar ce ta sauka, in an ɗan ɗaga hannun sama shi ke nan."

Sukundirebar Baba ta tsaya.

Umma ta juyo. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ɗagawa ake yi?"

"Eh, Umma."

"Ni ban sani ba." Ta faɗa a hankali, kamar da kanta take magana. "Ni da nake kwana a gidan."

"Ita ta faɗa min," in ji shi, ko gezau.

"Ban faɗa maka ba." Muryata ta fito siririya, ni kaina da ƙyar na ji ta.

"Kin faɗa, Malamata. Kin manta ne. Kwanan nan kina yawan mantuwa, ko Umma?"

Nan ne na ji ƙasa na zamewa. Haka zai yi. Zai faɗa da murmushi, Umma ta gyaɗa kai, Gwaggo ta ji labari ta yi dariya, manyansa su zo. Ga wayar a hannuna da hoton a ciki, ga garin ƙarfe a kan ƙyalle, amma harshena ya ɗaure irin yadda yake yi min a gaban baƙi. Ko kalma ɗaya ta ƙi fita.

Umma ta tako ta kama wuyan hannuna, irin kamun da take yi wa marasa lafiya. Ta riƙe. Na san tana jin yadda jinina ke gudu. Ta daɗe tana kallon fuskata, kallon da ta daɗe ba ta yi min ba.

Ba ta sake ni ba ta juya.

"Injiniya, yarinyar nan tun da na haife ta ba ta taɓa manta magana ba. Abin da na faɗa mata tana 'yar shekara biyar har yau tana min tuni. Shi ne ma babbar matsalarta." Ta ja numfashi. "Yaushe ka shiga ɗakinta?"

Na ɗauka zai musa, ko ya yi fushi. Wallahi da ya yi fushi da ya fi min sauƙi. Sai ya ɗan karkatar da kai, kamar mai mamakin a ce wannan ma abin tambaya ne.

"Umma, gyara fa nake yi. Ko allura ban taɓa ɗauka ba. Teburinta na rawa, ba wanda ya kula. Ƙofarta na ƙara, ba wanda ya kula. Ni na kula." Ya dube ni da taushin ido. "Matata ce gobe. Laifi ne in san inda take kwana?"

Agogon bangon da ya daidaita da hannunsa ne kaɗai ke motsi.

"Ajiye makullan," in ji Umma.

Ya sa yatsu biyu a aljihun gaban rigarsa ya zaro makullai biyu, sababbi, ja-ja, ɗaure da farin zare. Ya ɗora su a kan tebur. Ɗaya ya ɗan karkace, ya sa ɗan yatsa ya gyara shi ya yi daidai da ɗan'uwansa. Sannan ya durƙusa har ƙasa.

"Na bar ku lafiya, Umma. Malamata, ki kwanta da wuri."

Muka ji takunsa yana sauka, a nitse, bai yi sauri ba.

Umma ta zauna a hannun kujera. Har yanzu hannuna na cikin nata. Ta ce, "Jiya da na same ki a matakala..." Ba ta ƙarasa ba.

Baba ya yi gyaran murya. "Hajiya, kar ki dogara da waɗannan biyun. Hoton da aka yanka su da shi yana nan a wayarsa."

"Wane hoto?"

Na buɗe wayata na miƙa mata. Ta karanta saƙonnin, ta kai wurin "matsa kusa da taga", ta rufe ido.

"Baba," ta ce, "a canza ta waje. Yanzu."

"Dama na taho da wani sabon makullin," in ji shi, ya jawo jakarsa. "Jira nake ki faɗa."

Ya ba Umma kwalin ta yage ledar da kanta. Ta ciro 'ya'yan makullin, ta ɗauki ɗaya, sauran ta zuba min a tafin hannu ta naɗe yatsuna a kai. Rana ta yi ƙasa, hasken falon ya koma ja. Baba ya durƙusa a bakin ƙofar gida ya fara kwance tsohon makullin. Ƙofar a buɗe, matakalar a bayansa babu kowa, amma na kasa daina kallonta.

Wayata tana kan cinyar Umma lokacin da ta yi haske. Na ga sunansa daga inda nake. Na miƙa hannu, Umma ta riga ni. Ta karanta. Ta kashe wayar gaba ɗaya, ta tura ta cikin aljihun rigar aikinta.

"Me ya ce, Umma?"

"Ba naki ba ne. Gwaggonki kuma ni zan kira ta, ba ke ba." Ta miƙe ta tsaya a tsakanina da ƙofar, ta ɗaga murya. "Baba, don Allah a ɗan yi sauri."